Batirin motar rimot: yadda ake zuƙe shi har ya mutu, da abin da ke hana hakan

Motar rimot iri biyu ce. Akwai ta yara, wadda ake sayowa da sallah, a yi mako biyu ana guje-guje da ita a tsakar gida kafin taya ta fita. Akwai kuma ta manya, wadda a Japan da Amurka da Turai ta zama harka mai ƙungiyoyi da filayen tsere har da gasar duniya. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da tasa ta farko a 1976, wata ƙaramar Porsche 934. Traxxas na jihar Texas ya shigo fagen a 1986. Yau akwai motar da tsawonta bai kai mita ɗaya ba amma tana zarce kilomita 150 a awa. Babban abin da ya ba su wannan gudu shi ne batirin litiyam da ’yan harkar ke kira LiPo: ba shi da nauyi, ga shi yana iya zubo wuta mai yawa a lokaci guda. Sai dai yana da wani rauni da batiran da suka gabace shi ba su da shi. Idan aka zuƙe shi ya wuce wani iyaka, ba ya komawa yadda yake, wani lokacin ma ya zama abin tsoro a cikin gida.

Kafin zuwan litiyam, batirin nikel ake sa wa waɗannan motoci, NiCd da farko, daga baya NiMH. Ƙwayoyi shida a jere, kowace bolt 1.2, jimla 7.2. Batir ne mai haƙuri. A yi ta tuƙi har mota ta fara jan ƙafa, ta tsaya don kanta, a cire a sa caji, shi ke nan. A zamanin NiCd ma ’yan tsere da gangan suke ƙarasa zuƙe shi da ƙwan fitilar mota kafin su sake cika shi. Wannan ɗabi'a ta “tuƙa har ta tsaya” ita ce ta biyo mutane zuwa zamanin LiPo, kuma ita ce ke cinye shi.

Lambobin da ya kamata mai mota ya haddace ba su da yawa. Ƙwayar LiPo ɗaya idan ta cika tana kan bolt 4.2. Abin da ake rubutawa a jikinta 3.7 ne, wato matsakaici. Ƙasan da masu ƙera ta suka yarda a kai shi ne 3.0. Idan ka ga an rubuta 2S, ƙwaya biyu ce a jere: 7.4 a rubuce, 8.4 a cike. 3S kuwa ƙwaya uku, 11.1 a rubuce, 12.6 a cike. Ke nan duk rayuwar ƙwaya tana tsakanin 4.2 ne da 3.0, kuma saukar ba daidai-wa-daida take ba. Daga 4.2 takan sauko wajen 4.0 da ɗan sauri, sai ta daɗe tana tafiyar hawainiya tsakanin 3.9 da 3.7, inda mafi yawan wutar take. Da ta taɓa wajen 3.6 sai gangara. Abin da ya rage daga nan zuwa 3.0 ɗan kaɗan ne, mota mai ƙarfi tana iya lashe shi cikin minti guda ko ƙasa da haka. Matsalar kuwa, hannun da ke kan totur ba ya jin wannan. Batirin nikel yana yin sanyi a hankali, ya yi maka gargaɗi tun da wuri. LiPo yana ba ka ƙarfi kusan cikakke har bakin ramin. Lokacin da ka lura mota ta yi laushi, an riga an shiga inda bai kamata ba.

Me ke faruwa a ciki? Idan aka buɗe ƙwaya, abin da bai kamata kowa ya gwada a gida ba, za a tarar da siraran falle-falle an jera su kamar takardun littafi. Wani fallen na alminiyam ne da aka shafe da sinadari mai ɗauke da litiyam, wani na jan ƙarfe ne da aka shafe da girafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir. A tsakaninsu akwai wata leda mai ƙananan huda da ke hana su taɓa juna, duka kuma a jiƙe cikin ruwan sinadari. Idan ana caji, litiyam yana ƙaura ya shige cikin girafait. Idan mota na gudu, yana komawa inda ya fito. Muddin akwai sauran litiyam a girafait, komai lafiya. Idan ya ƙare kuma aka ci gaba da jan wuta, sai ɓarnar ta fara. Wata siririyar fata da ke lulluɓe da girafait tana kare shi ta soma wargajewa, tana fitar da iska. Iskar nan ce ke sa batir ya kumbura. Idan aka ƙara nutsawa, can ƙasa da bolt 2, shi kansa jan ƙarfen ya fara narkewa cikin ruwan. Ranar da aka sake sa caji, jan ƙarfen da ya narke ba ya komawa mazauninsa. Yana daskarewa duk inda ya samu, wani lokaci a matsayin ƙananan tsinke da ido ba ya gani, waɗanda za su iya huda ledar da ke tsakani su haɗa ɓangarorin biyu.

Shi ya sa batirin da aka zuƙe ba ya kama wuta a lokacin da aka zuƙe shi. A lokacin ai babu sauran wuta sosai a cikinsa. Haɗarin yana gaba, a cajin da zai biyo baya, ko na bayansa, lokacin da aka cika shi da wuta alhali bangon ciki ya samu rauni. Ba kuma ina cewa duk ƙwayar da ta leƙa 2.9 na ɗan daƙiƙu ta mutu ba. Ɓarnar taruwa take yi. Yau ya rage ɗaukar wuta kaɗan, gobe ya fara ɗumi fiye da da, jibi a ɗora shi kan tebur a ga yana lilo saboda cikinsa ya ɗan taso. Zurfin da aka kai da kuma tsawon lokacin da ya zauna a can, su biyun ne ke yanke hukunci.

Mai karatu zai ce, ai wayata ma litiyam ne, kuma kullum sai ta mutu nake sa ta caji. Gaskiya ne. Amma wayar tana kashe kanta ne tun akwai saura, kuma a bakin batirinta akwai ɗan allon lantarki da ke datse wuta idan ta yi ƙasa. Mafi yawan batiran motocin rimot tsirara suke, ba su da wannan allon. Dalilin yawan wutar da ake ja ne. Waya tana shan amfiya ɗaya ko biyu, motar tsere tana iya fizgar amfiya 60 ko 100 lokacin tashi. Allon da zai ɗauki wannan zai ƙara nauyi da kuɗi, ya kuma rage ƙarfi. Ƙari a kan haka, idan batir ya datse kansa farat ɗaya, har sitiyari zai mutu, a bar mota mai nauyin kilo biyar tana gudu babu mai juya ta. Sai aka ɗauke aikin gadin daga batir aka ɗora wa na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, ɗan akwatin nan da ke tsakanin batir da inji.

Yadda take yi mai sauƙi ne. Tana auna ƙarfin wutar da ke shigowa, idan ya faɗi zuwa iyakar da aka sa mata, sai ta rage wa inji wuta ko ta datse, ta bar sitiyari da rai. A na'urorin Traxxas irin su XL-5 da VXL-3s mataki biyu ne: da farko ta mayar da ƙarfi rabi, don ka gane ka dawo da mota, sannan ta tsayar da inji gaba ɗaya, fitilarta na ƙiftawa ja a hankali. A na'urorin Hobbywing na Shenzhen da Castle Creations na Kansas, mai mota ne ke zaɓar lambar, galibi daga wajen 2.6 zuwa 3.4 a kowace ƙwaya.

Da a ce abin ya tsaya nan, da babu buƙatar dogon sharhi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan datsewa a matsayin ma'aunin mai, suna tuƙi kullum har sai ta tsayar da su. Ni a ganina wannan kuskure ne, domin na'urar tana da makanta ta fuskoki da dama.

Ta farko, mai yiwuwa ma a kashe take. Motoci da yawa ana sayar da su da batirin nikel a kwali, saboda haka an saita na'urar ba tare da datsewa ba. Mutum ya sayo LiPo, ya ga fulogi ya shiga, mota ta tashi da gudun da bai taɓa gani ba, ya yi ta murna har batir ya ƙare ƙarƙaf. A waɗancan na'urorin na Traxxas launin fitila ne ke faɗa maka: kore idan gadin LiPo yana aiki, ja idan a kashe yake, kuma ana sauyawa ne ta danna maɓallin a riƙe na daƙiƙa goma. A QuicRun 1060 ta Hobbywing wani ɗan murfin roba ne, bai kai ƙwayar wake ba, ake cirewa daga wannan ƙafa a mayar waccan. Ɗan wannan abu shi ne tsakanin batir mai shekara uku da batir mai mako uku. Tsofaffin na'urori na kafin zamanin litiyam kuwa ba su da gadin sam, haka ma ba duk motoci masu araha da ke fitowa daga masana'antun kayan wasa na Chenghai a China ke da shi ba.

Ta biyu ta fi wannan zurfi. Wayoyi biyu ne kawai ke zuwa na'urar daga batir, ja da baƙa, don haka jimla kaɗai take gani. A ce an sa mata ta datse a 3.2 kowace ƙwaya. A batir 2S, 6.4 take jira. To idan ƙwaya ɗaya tana 3.7, ɗayar tana 2.8, jimla 6.5 ke nan, ita a wajenta lafiya lau. Kamar shanun huɗa biyu ne a karkiya ɗaya: wanda ke kallon garma daga baya zai ga tana tafiya, alhali sa ɗaya ne ke ja, ɗayan yana daf da durƙushewa. Sabon batir da wuya ya yi haka, ƙwayoyinsa kusan kansu ɗaya. Amma da tsufa sai ɗaya ta fara ja da baya, kuma duk lokacin da aka zuƙe ta fiye da ’yan uwanta sai ta ƙara rauni, gobe ta riga su faɗuwa da tazara mafi girma. Yawan ƙwayoyi yana ƙara ɓoye laifin: a 6S, ƙwaya biyar masu lafiya suna iya rufa wa ta shida asiri har ta mutu. Manyan motocin da ake sa wa batir biyu a jere suna da irin wannan matsala ta wata fuska. Idan ɗaya mai ɗaukar wuta mAh 5000 ne, ɗayan mai 4000, ko ɗaya a cike ɗaya rabi, ƙaramin ne zai sha wuya.

Akwai kuma lissafin da na'urar ke yi da kanta lokacin da aka jona batir. Wasu suna ƙirga ƙwayoyi ne daga jimlar wutar da suka tarar, su yi ƙara sau biyu ko uku ko huɗu don sanar da abin da suka ƙirga. Jona mata 4S da ya riga ya sauka zuwa 3.1 kowace ƙwaya, jimla 12.4. Wannan ya yi kama da 3S mai cike, wanda yake 12.6. Idan ta ɗauka 3S ne, sai ta jira 9.6, wanda a ƙwaya huɗu ya zama 2.4 kowace. Saboda haka ƙarar nan ta farko ba ado ba ce, a saurara a ƙirga. Kuma dabarar da yara da manya ke yi, ta kashe mota bayan ta datse, a jira minti ɗaya, a sake kunnawa don a samu ƙarin zagaye biyu, ita ce hanya mafi sauri ta kai batir kabari.

Sai batun da ya fi jawo gardama a tsakanin ’yan harkar: wace lamba ce daidai? Wani ya ce 3.0, wani 3.2, wani ya rantse da 3.5. Dukansu suna iya yin gaskiya, domin motocinsu ba iri ɗaya ba ne. Kowace ƙwaya tana da tirjiyar ciki, wadda ke sa ƙarfin wuta ya dusashe yayin da ake ja, ya farfaɗo idan aka saki totur. Ɗauki ƙwaya mai tirjiya mili-om 5. Idan aka ja amfiya 60, bolt 0.3 ya ɓace nan take. Na'urar za ta ga 3.2 ta datse, amma da mota ta tsaya sai ƙwayar ta koma wajen 3.5. Ke nan mota mai gudu tana tsayawa ne tun akwai ɗan saura. Yanzu dubi motar hawan duwatsu, wadda ke rarrafe a hankali tana shan amfiya biyu ko uku, tana yin awa ɗaya ko biyu da caji guda. Ita babu dusashewar a-zo-a-gani. Idan na'urarta ta ga 3.0, to 3.0 ɗin ne na gaske, an kwashe komai. Abin da mutum zai zata shi ne mai gudu ta fi cutar da batir. Ta fuskar zuƙewa, mai rarrafe ce ta fi. Da ni za a tambaya, 3.2 ya isa ga motar tsere, mai rarrafe kuwa kada a sauko da ita ƙasa da 3.4. Sanyi ma yana ƙara dusashewar, shi ya sa ’yan Kanada da arewacin Turai ke kukan motocinsu na datsewa da wuri a hunturu.

Maganin makantar jimla yana nan a jikin batirin tun asali. Ban da manyan wayoyi biyu, akwai ɗan farin fulogi mai siraran wayoyi, uku a 2S, huɗu a 3S, wanda ke kaiwa ga kowace ƙwaya ita kaɗai. Caja tana amfani da shi wajen daidaita ƙwayoyi, su cika tare a 4.2, kuma bai kamata a yi caji ba tare da an jona shi ba. A wannan fulogi ake maƙala wata ’yar ƙararrawa mai girman akwatin ashana, mai jan rubutu da ke zagayawa: jimla, ƙwaya ta 1, ƙwaya ta 2, a sake. Ana saita ta da ɗan maɓalli, a ce 3.5, da zarar ƙwaya ɗaya tak ta taɓa wannan lamba sai ta fasa ihun da za a ji daga ƙarshen fili. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir mai kyau ba. Ba ta datse komai, kuka kawai take yi, tsayawar tana hannun direba.

Tsofaffin hannu suna da ma'auni mafi sauƙi: kada a ci fiye da kashi 80 cikin 100. Caja tana nuna yawan abin da ta mayar. Batir mai mAh 5000, idan ta mayar da kusan 4000, an tsaya a daidai. Idan ta mayar da 4800, an wuce gona da iri, gobe a rage minti. Bayan ’yan gwaje-gwaje mutum ya san motarsa minti nawa take yi, ya sa agogo a rimot. Batirin da aka tsaya da shi a nan, bayan ya huta, yakan nuna wajen 3.7 a kowace ƙwaya.

Duk wannan a fili ne. Amma batira da yawa ba a fili suke mutuwa ba, a ɗaki ne, a cikin motar da aka ajiye ba a cire fulogi ba. Makunnin da ke jikin na'urori da yawa ba ya raba batir da na'urar, sashen sarrafawa kawai yake kwantarwa, wuta kaɗan na ci gaba da tsiyaya. Idan kuwa an manta ba a kashe ba sam, abin ya fi muni, domin gadin nan inji kaɗai yake tsayarwa, ba ya hana mai karɓar saƙon rimot da sitiyari da fanka ci. A ce amfiya 0.02 ce kawai ke fita: a kwana ɗaya mAh 480 ke nan. Batirin da aka dawo da shi daga wasa da saura 1000, kwana biyu da ’yan awoyi sun ishe shi. A tsinci ƙwayoyi a bolt 1 ko sifili, ba tare da mota ta motsa ko taku ɗaya ba. Ita ma ’yar ƙararrawar, idan aka bar ta a maƙale, haka za ta yi, har ma ta fi cin wasu ƙwayoyin fiye da wasu. Babu wata na'ura da ke maye gurbin zare fulogi.

Idan za a ajiye fiye da ’yan kwanaki, mazauninsa 3.8 zuwa 3.85 ne a kowace ƙwaya, ba cike ba, ba fanko ba. Kusan kowace caja ta ƙwarai, irin su iMAX B6 ta SkyRC, tana da tsarin ajiya da ke kai shi can da kanta, ta ƙara ko ta rage. Batiran Smart na Spektrum ma suna da ɗan guntun lantarki a ciki da ke sauke su zuwa matakin ajiya idan sun yi ’yan kwanaki ba a taɓa su ba. A nan ne abin ya shafi mai mota a Kano ko Sakkwato ko Yamai fiye da na Jamus. Mun saba, da wuta ta zo a cika komai a ajiye, don ba a san yaushe za ta dawo ba. Ga LiPo wannan kishiyar zuƙewa ce, amma ita ma illa ce: batir cike a zafin Afrilu da ya haura digiri 40, balle a cikin mota a rufe, yana tsufa da sauri, tirjiyarsa ta ƙaru, ƙwayoyinsa su rarrabu, wato ya zama irin wanda gadin jimla ba ya iya karewa. Maye gurbinsa kuma ba kamar shiga kanti ba ne. Tun 2016 dokokin sufurin sama na duniya suka hana ɗaukar batiran litiyam zalla a matsayin kaya a jiragen fasinja, don haka odar batir daga waje tana da tsada da jinkiri.

Saura tambayar da kowa ke yi bayan aikin gama ya gama: za a iya tayar da shi? Caja takan ƙi karɓar batirin da ƙwayarsa ta yi ƙasa sosai, ta yi ƙara ta nuna saƙon kuskure. Dabarar da ta yaɗu ita ce a yaudare ta, a ce mata batirin nikel ne, a tura wuta kaɗan har ƙwayoyi su haura 3.0, sannan a koma tsarin LiPo. Sau da yawa lambobi suna dawowa, mutum ya ce ya ci riba. Amma lambar da ta dawo ba ta faɗin abin da jan ƙarfe ya yi a ciki. Kuma a tsarin nikel caja ba ta san iyakar 4.2 ba, ba ta kallon ƙwayoyi ɗaya-ɗaya. Waya ta yi ƙara, a fita amsawa, a manta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙwayar da ta sauka 2.8 ko 2.9 jiya da yamma aka gano yau da safe, wanda ya san abin da yake yi zai iya ɗago ta a hankali, a waje, kan siminti, yana tsaye a kai, daga baya kuma ya riƙa sa mata ido. Wadda ta faɗi ƙasa da 2, ko ta yi makonni a ƙasa, ko ta kumbura, ko take fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ta gama aiki.

Irin wannan ba a jefa shi a bola haka nan, musamman inda ake cinna wa shara wuta ko yara ke tsince-tsince, ba a kuma huda shi don a “fitar da iskar”. Ana jona masa ƙwan fitilar mota a waje, kan yashi, a bar shi har fitila ta mutu, mita ta nuna sifili, sannan a naɗe bakin wayoyin da salatif a miƙa wa masu karɓar tsofaffin kayan lantarki. Tsohuwar shawarar tsoma shi a ruwan gishiri ba abin dogaro ba ce: gishirin yakan cinye bakin ƙarfen ƙwayar tun kafin wutar ta gama fita, a ciro shi ana zaton fanko ne alhali da saura a ciki.